Yadda Ake Kula da Tsohon Kebul na Ƙarƙashin Ƙasa Ba Tare da Kashe Maƙudan Kuɗi Ba

Duk wanda ya yi aikin wuta a Kaduna ya san abin da ke biyo bayan ruwan farko, wajen ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu. Fida, wato layin da ke kai wuta unguwa, wadda ta zauna lafiya duk rani sai ta fara faɗuwa. Mutanen unguwa su ce NEPA ta ɗauke wuta, ko da yake sunan NEPA ya kau tun 2005. Mu da ke cikin rami mun san galibi ruwa ne ya sami ƙofa ya shiga wani tsohon haɗi.

Na daɗe ina haɗa kebul da neman inda ya lalace, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne kebul ba ya tsufa gaba ɗaya. Mai tsawon mita 800 zai iya zama garau in ban da wurare biyu ko uku: bakin da ya hau taransifoma, haɗin da aka yi cikin gaggawa, da inda diga ta taɓa shafarsa. Canza shi duka na nufin fasa kwalta, neman izini, sayen sabon dam, wato babban kwarkwaron da ake naɗo kebul a kai, da barin jama'a cikin duhu kwana da kwanaki. Gano wuraren nan da gyara su yadda ya kamata bai kai rabin wannan wahala ba. Ga yadda nake yi, kai da ka shigo aikin yanzu.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. Iri uku za ka fi gamuwa da su. Akwai tsohon kebul mai rufin takarda jiƙaƙƙiya da mai, da rigar dalma a kai, irin na zamanin ECN, hukumar wutar da ta gabaci NEPA, da farkon NEPA. Akwai mai rufin XLPE, wata irin roba mai jure zafi, wanda ya mamaye layukan 11kV da 33kV yanzu, wato volt dubu 11 da dubu 33. Sai mai rufin PVC da sulken waya, na ƙaramar wuta 415V, wanda ke fita daga taransifoma zuwa fida fila, akwatin da ke rarraba wuta zuwa layuka. Abokan gabar dukansu biyu ne: danshi da zafi. Takarda in ta sha ruwa ta gama. XLPE kuwa danshi kan yi masa wasu ƙananan jijiyoyi kamar rassan bishiya a cikin rufin, su yi ta tsawo shekara da shekaru har ran da wuta za ta ratsa.

Kayan aiki

Na kare rai tukuna: safar hannu ta wuta wadda aka gwada, hular kwano, takalmin aiki, sandar gwada wuta mai dacewa da ƙarfin layin, wayoyin atin masu sauke wuta zuwa ƙasa, kwaɗo da allon gargaɗi. In babu waɗannan, babu aiki.

Na awo: mega, wato mitar gwada lafiyar rufin kebul, mai kai 5kV don kebul na 11kV, mai 1000V don ƙaramar wuta, mitar matsa waya ta auna lodi, da bindigar auna zafi. In ofishinku na da kyamarar zafi, na'urar bin layin kebul, na'urar TDR mai auna nisan inda kebul ya lalace, injin bugu da abin sauraren ƙasa masu nuna ainihin wurin, to madalla. In babu, zan nuna maka abin da ake yi a madadin wasunsu.

Na tono da haɗi: shebur, diga, tampol ko tanti, famfon zuƙe ruwa, zarto, wuƙar feɗe kebul, injin matse log (ƙarfen da ake sa wa bakin waya don ɗaure ta da noti), tukunyar gas da bakin hura wuta, ruwan goge kebul, tsumma marar gashi, kayan haɗi daidai girman kebul ɗin, murfin toshe baki, yashi mai laushi, bulon rufi da tef ɗin gargaɗi.

Sai littafi mai kwali da biro. Kada ka raina su. A duk jerin nan su ne mafi araha, kuma su ne suka fi cece ni.

1. San inda kebul ya bi

Yawancin taswirorin da muka gada sun tsufa. Titunan Kaduna sun canza ƙwarai, musamman daga 2019 da aka shiga faɗaɗa hanyoyi da gina magudanan ruwa. Kebul ɗin da takarda ta ce yana gefen titi, yau wataƙila yana ƙarƙashin tsakiyar kwalta.

Buɗe wa kowane kebul shafinsa. Rubuta daga ina zuwa ina, irinsa, kaurin jijiyarsa, wato wayar ciki mai ɗaukar wuta, tagulla ne ko alminiyam, tsawonsa, da wurin kowane haɗi. Auna wurin haɗi daga abubuwa biyu da ba sa gusawa, kamar kusurwar ginin masallaci da gindin turken kankare. Kada ka auna daga bishiya ko kes ɗin mai shayi. Ƙara da ɗaukar lambar wurin a taswirar wayarka.

In babu na'urar bin layi, nemi tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya. Je ka gaishe su, ka ɗauko su a mota ku bi layin tare. Wani dattijo ya taɓa tsayawa a gaban wani shago a Tudun Wada ya buga ƙasa da sandarsa ya ce mini, "Ɗana, nan muka haɗa shi, da damina ne, kuma ban yarda da haɗin ba tun ran nan." Muka tona, ga shi kuwa, bai kai taku biyu daga inda ya nuna ba.

2. Bi layin da ƙafa

Sau biyu a shekara aƙalla: cikin Maris kafin ruwa, da kuma Oktoba bayan ya ɗauke. A mota ba za ka ga komai ba.

Abin da kake nema: inda zaizaya ta tone ƙasa har sulke ya fito, sabon gini ko shago a kan layi, ramin masai ko sokawe kusa, juji da ake ƙonawa a kai, shurin gara, da duk inda aka tara yashi da bulo alamar za a yi tono. Gara na cin rigar PVC, ɓeraye kuma na gaigayar kebul a ramukan tashar wuta. A unguwannin da ke bakin Kogin Kaduna, inda ruwa ke kwanciya a Agusta da Satumba, ka ƙara sa ido.

Yi magana da mutane. Mai gadi, mai faci, mai unguwa, ba su lambarka ka ce duk ran da suka ga katafila ko masu aikin famfo sun zo, su kira ka. Na sha tsayawa gaban mai tuƙa injin tono ina cewa, "Oga, don Allah dakata, akwai wuta mai dubu goma sha ɗaya a nan." Minti goma na lallashi ya fi sati guda na gyara sauƙi.

3. Auna lodi da zafi yana kan aiki

Jijiyar XLPE an yi ta ne ta jure digiri 90, ta PVC digiri 70, ta takarda kuma ba ta kai XLPE ba. Ƙa'idar da aka sani a aikin ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan iyaka yana rage ran rufi da kusan rabi. Don haka lodi fiye da ƙima yana cinye shekarun kebul a ɓoye.

Auna lodi da daddare, tsakanin magariba da ƙarfe goma, musamman a Maris da Afrilu lokacin da kowa ya kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ƙasa kuma ta bushe ba ta ɗauke zafi. Awon ƙarfe goma na safe yaudara ne. Auna fis uku, wato wayoyi uku masu wuta da ake bambantawa da launi, da nutural, wayar da wuta ke komawa ta kanta. In ja na ɗauke da amfiya 380, shuɗi na da 150, ba sabon kebul kake bukata ba, raba lodi kake bukata. Mayar da wasu gidaje kan fis marar nauyi. Aikin yini ɗaya ne, kuma nutural zai huce.

Sannan haska bindigar zafi a kan kowane log, daga nesa, bayan shinge. Kwatanta ukun. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi a kan lodi kusan ɗaya, ya saki ko ya yi tsatsa. In babu bindigar, ido da hanci da kunne na aiki: log da ya canza launi, roba da ta yi ƙwanƙwasa, farin gari ko baƙin layi a jikin bakin kebul, wari mai kaifi, da ƙarar "tsss". Ƙaramar rediyo a zangon AM, a inda babu tasha, takan yi ƙara in an kusanto da ita wurin da wuta ke tartsatsi. Ba ta kai na'ura ba, amma ta sha nuna mini inda zan duba.

Kuskuren da na fi gani: ɗaura jijiyar alminiyam kai tsaye a kan tagulla. Dole sai da log mai ƙarfe biyu, in ba haka ba wurin zai ci kansa.

4. Kashe wuta, ka tabbatar ta mutu

A nan ba na sassauci. Karɓi takardar izinin aiki. Buɗe layin ta ɓangarori biyu, sa kwaɗo, riƙe makullin a aljihunka. Gwada sandarka a inda ka san akwai wuta, gwada kebul ɗin, sake gwada sandar. Sauke cajin da ya rage, don kebul na riƙe wuta bayan an kashe shi, sannan ka ɗaura atin a kowane gefe.

A Kaduna ta yau ka tuna da janareta da sola. Gida ɗaya da bai sa abin sauya layi daidai ba ya isa ya dawo da wuta baya, taransifoma kuma ta ɗaga ta zuwa 11kV. Atin ɗinka ne kaɗai zai tsaya tsakaninka da wannan. Kada ka amince da "an ce an kashe" ta waya.

5. Gwaji

Kwance bakin kebul ta gefe biyu, goge shi tas, don ƙurar hunturu da danshin safiya kan sa lafiyayyen kebul ya ba da mummunan awo. Sa mega tsakanin kowace jijiya da ƙasa, sauran biyun na ɗaure da atin, sannan tsakanin jijiya da jijiya. Bar shi minti ɗaya cur kafin ka karanta. Bayan kowane gwaji ka sauke caji, ka bar atin a ɗaure ya fi tsawon lokacin gwajin sau da yawa.

Lamba ɗaya ita kaɗai ba ta faɗin komai, tunda dogon kebul dole ya nuna ƙasa da gajere. Abin dubawa biyu ne: bambanci tsakanin jijiyoyi uku, da bambanci tsakanin bana da bara. Nan littafinka zai yi rana. Rubuta har da yanayin ranar.

Ga gargaɗin da nake so ka riƙe: kada ka ɗora wa tsohon XLPE babbar wutar DC, wato wadda ba ta juyawa, da sunan gwaji, irin yadda ake yi wa mai takarda. Caji na maƙalewa a cikin rufin, kebul ya ci gwaji yau, ya fashe bayan an mayar da wuta. Gwajin da ya dace da shi shi ne na VLF, mai juyawa a hankali a kan 0.1Hz. Tsohon kebul ba a kai shi ƙarfin gwajin da ake kai sabo. In injin na auna asarar rufi, wato tan delta, fara da wannan, ka tsaya in lambar na hawa da sauri yayin da kake ƙara wuta. Injin na da tsada, don haka a haɗa kebul ɗin da suka fi muhimmanci, na asibiti, na gidan ruwa, na masana'antun Kakuri, a yi hayarsa ko a aro shi sau ɗaya a gwada su jere. In babu shi sam, tsaya a mega 5kV da tarihin littafi.

6. Neman inda ya lalace

Fara da mega da ƙaramar mita ka san irin ciwon: jijiya ta tsinke, ta taɓa ƙasa, ko ta haɗu da 'yar'uwarta. TDR na aika sigina ta dawo, ta gaya maka nisan. Tana ganin tsinkewa da haɗuwa sarai, amma ba ta cika ganin ciwo mai babbar turjiya ba. Saita saurin siginar daidai da irin kebul ɗin, ka auna ta gefe biyu, ka ga ko jimillar ta ba da tsawonsa.

In babu TDR kuma akwai lafiyayyar jijiya ɗaya, yi amfani da gadar Murray, wata na'ura mai kwatanta turjiyar waya biyu. Haɗa lafiyayyar da mai ciwon a can ƙarshe da gajeriyar waya mai kauri, ka daidaita gadar a gefenka. Nisan ciwo shi ne tsawon kebul sau biyu, a ninka da kason da gadar ta nuna. Misali kebul mai mita 600, zagayen ya zama 1200; in gadar ta tsaya a 0.2, ciwon na mita 240 daga inda kake. In an taɓa haɗa kebul masu kauri daban-daban a layin, lissafin zai kauce sai ka gyara shi.

Bayan ka san yankin, sai injin bugu. Yana sakin wuta lokaci-lokaci, wurin ciwon ya yi "dum" a ƙasa. Sa shi a mafi ƙarancin ƙarfin da zai yi ƙara, kuma kada ka bar shi yana bugu awa da awanni kana yawo. Kowane bugu na tsofar da sauran kebul ɗin. A kan titi mai hayaniya kamar Ahmadu Bello Way, da asuba ake wannan aiki.

Abin da na ƙi jini shi ne yanka kebul a tsakiya don a ga wane rabi ne ya mutu. Kowane yanka sabon haɗi ne, kowane haɗi kuma sabuwar ƙofar ruwa. In dole sai an raba, a raba a inda dama akwai suwic ko fida fila.

7. Tono da yanka

Da diga za ka fasa marmara ta sama, amma da zarar ka ga bulo, tef ko yashi, ajiye ta ka koma shebur. Yi ramin ya wadatu, mutum biyu su zauna su juya hannu, da ɗan gurbi a kusurwa inda ruwa zai taru a zuƙe.

In kebul ya fi ɗaya a ramin, kada ka zaɓa da ido, ko da ka ga ƙuna a jikin ɗaya. Tantance shi da sigina, sannan a soke shi da bindigar soke kebul daga nesa, kowa na wajen rami. In babu bindigar, a jira a kawo ta.

8. Haɗi

Nan kuɗin yake, nan kuma ake zubar da shi. Araha ba ta ado: kayan haɗi marasa asali, ko waɗanda suka kwana shekaru a sito cikin zafi, za su dawo da kai ramin nan kafin damina biyu.

Yanke baya har sai ka tarar da busasshen wuri. A XLPE, duba jijiyar da tef ɗin tagulla: farin gari a alminiyam, kore ko baƙi a tagulla, ko ɗigon ruwa in ka sunkuyar da bakin, duk alamar ka ƙara yankewa. A mai takarda akwai gwajin da maigidana ya koya mini. Dafa man kebul a gwangwani ya kai wajen digiri 120 ko ɗan sama. Ɗauko ɓallin takardar da filaya, kada yatsa ya taɓa ta, don gumin hannu zai ruɗe ka. Tsoma ta. In ta yi kumfa tana ƙara kamar an jefa ƙosai a mai, da ruwa a ciki, yanke wata mita ka sake. In ta nutse shiru, ka iso. Gwada takardar da ke kusa da dalma da wadda ke kusa da jijiya. Gara ka sa sabon gutsure mai mita biyar da haɗi biyu masu kyau da ka yi haɗi ɗaya a kan jiƙaƙƙen rufi.

Kafa tanti. Da damina saboda ruwa, da hunturu saboda ƙura, kuma ƙurar ta fi yaudara don ba ka ganin ta sauka. Karanta takardar da ke cikin kwalin kayan ko da ka yi irinsa sau ɗari, tunda awo na bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Zura duk bututan roba a jikin kebul kafin ka matse ferul, wato bututun ƙarfen da ke haɗa jijiya biyu. Kusan kowane mai haɗi ya taɓa mantawa sau ɗaya, kuma maganinsa sai a yanke a sake.

Wurin da ya fi kashe haɗin 11kV shi ne cire baƙar fatar da ke manne da farin rufi. Bakin yankan ya zama zagaye sumul, ba tsini, ba tsaga. Shafa farcenka a kan farin. In ya maƙale a wani ƙarci, wuta za ta fara ci daga nan. Goge daga farin zuwa baƙin, kada ka dawo da tsumman baya, don yana kwaso baƙin ya shafa a inda bai kamata ba. In alminiyam ne, kankare jijiyar da burushin waya ka matse nan take. In ba ka da bakin matsi daidai girman, yi amfani da ferul mai kusoshin da ke karyewa in sun ɗauru. Kada ka buga da guduma.

Wajen hura wuta, harshe mai laushi mai ɗan rawaya, kana yawo da shi, daga tsakiya zuwa baki don iska ta fita, har ka ga gam ya ɓullo a gefe. A ramin da wuta ke da haɗari, akwai irin da ke matsewa da kansa in an zare igiyar ciki. Haɗa tef ɗin tagulla da sulke daga gefe zuwa gefe; in ka bar su a tsinke, ran da aka samu ciwo wutar ba ta da hanyar komawa. Tsakanin mai takarda da XLPE kuwa akwai kayan haɗi na musamman masu tare mai, na yau da kullum ba ya yi.

In dare ya yi ko hadari ya taso ba ka gama ba, toshe bakin da murfinsa. Leda da tef ba sa hana danshi.

9. Binnewa

Gwada da mega, tabbatar fis bai juya ba, kuma bar haɗin ya huce kafin a motsa shi. Shimfiɗa yashi mai laushi kamar santimita 10 a ƙasa, wani a sama, sai bulo, sai ƙasa marar duwatsu, sai tef ɗin gargaɗi kamar taƙi ɗaya daga sama. Na 11kV mukan ajiye shi a zurfin da ya kusa mita ɗaya. Kada a lanƙwasa shi ya matse. Ba shi gwiwa mai faɗin kaurinsa sau 12 zuwa 15. Inda ya tsallaka titi ko kwata, cikin bututu, a toshe bakin bututun. Inda ya hau turke, a sa masa bututun ƙarfe a zuba kankare a gindi, don nan ɓarayin tagulla suka fi kai hari. Kafin ka bar wurin, ɗauki hoto, auna, rubuta a littafi har da sunan wanda ya yi haɗin.

10. Yaushe za a daina faci

Buɗe littafin ka duba abin da ya jawo kowane ciwo. In diga ce ko ɓarawo ko mummunan haɗi, kebul ɗin na da sauran rai, gyara ka ci gaba. In kuwa jikin rufin ne ke fashewa da kansa a wurare daban-daban, ko kana yanke baya mita goma, ashirin, ruwa bai ƙare ba, ko dalmar na farfashewa a hannu, wannan yankin ya gama. Haka in haɗi uku ko huɗu sun taru a ɗan gajeren wuri: cire su duka ka sa gutsure ɗaya.

Ko a nan ma yankin za a canza, ba layin duka ba. Jera su gwargwadon wanda ya fi yawan faɗuwa da wanda ya fi ɗaukar jama'a, ka kai wa shugabanka da lambobin a rubuce tun Oktoba, don a sayo kaya a yi tonon tsakanin Nuwamba da Maris, rami a bushe. Gutsuren da ya rage a dam kuma a toshe bakinsa biyu, a ɗora dam ɗin a kan katako cikin inuwa, a rubuta tsawon da ya saura a jikinsa.